Shatar Mota da Ɗan Jagora Zuwa Hamadar Maroko: Abin da Za a Daidaita Kafin a Biya

Mutanenmu da dama da ke zuwa Maroko ziyara ce ke kai su. Sukan sauka a Kasabalanka, su hau jirgin ƙasa zuwa Fas, su yi kwanaki a kusa da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815, su kuma leƙa masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa tun 859. Wasu fatauci ne ya kai su, wasu duba ɗa mai karatu. In abin da aka je yi ya kammala, aka tarar da sauran kwana uku ko huɗu kafin ranar jirgi, sai wani a cikin ayari ya ce a je a ga hamada. Da yake akwai dattijo a tafiyar, ko mata da yara, ba a son cakuɗuwa da baƙin fuska a motar haya, sai a yanke shawarar ɗaukar shata: mota tasu, direba nasu, da ɗan jagora da zai riƙa yi musu bayani.

Shawara ce mai kyau, kuma ita nake ba duk mai tafiya da iyali. Sai dai koke-koken da ke biyo bayanta kusan iri ɗaya ne kullum. An biya kuɗin shata, da gari ya waye sai ga bas cike da wasu fasinjoji. An yi alkawarin ɗan jagora, sai aka tarar direba ne kaɗai, shi ma babu harshen da za a fahimci juna da shi. An ɓata rabin yini a shagon darduma da na duwatsu, aka isa bakin rairayi bayan magariba, aka ɗora tsoho mai ciwon gwiwa a kan raƙumi cikin duhu. Azahar da la'asar sun wuce a cikin mota babu wanda ya tsaya. Abin takaicin shi ne kusan duk wannan ana iya toshe shi tun ba a bar Fas ba, in an san inda ruwan yake shiga.

Da wa ka yi ciniki?

Mutumin da ya amsa maka a WhatsApp, ko ya tare ka a ƙofar masauki da takardar hotuna, sau da yawa ba shi da mota, ba shi da tanti, ba shi da raƙumi. Dillali ne. Matsayinsa kamar na ɗan kamasho a tasha: shi ke kiranka, shi ke karɓar kuɗi, amma ba shi zai tuƙa ka ba. Daga hannunsa aikin kan tafi wurin kamfanin sufuri, kamfanin ya ba direba, direban ya miƙa ka ga mai sansani a Marzuga, garin da ke bakin rairayin, mai sansanin ya haɗa ka da yaron da ke jan raƙuma. Kowa a cikinsu yana yankar rabonsa, kuma duk abin da ka gaya wa na farko da baki, da wuya ya isa kunnen na ƙarshe.

Dillanci ba laifi ba ne, haka wannan kasuwa take tafiya, kuma akwai dillalai masu amana. Matsalar tana farawa ne idan farashin ya yi araha fiye da kima. Man mota, kuɗin direba na kwana uku, ɗakin kwana, tanti, abinci da raƙumi duk suna da farashinsu. In abin da ka biya bai kai ba, dole a cike giɓin ta wata hanya, kuma hanyoyin biyu ne: ko a haɗa ka da wasu a mota ɗaya, ko a riƙa tsayawa da kai a shagunan da ke ba direba la'ada a kan duk abin da ka saya. Don haka in ka tambayi wurare uku, biyu suka faɗi kuɗi kusa da juna, na uku ya faɗi rabinsa, ka bar na ukun.

Tambaya ta farko da za ka yi ita ce sunan kamfanin da ke da motar, da lambar lasisinsa na harkar yawon buɗe ido, da adireshin ofishinsa. In kana cikin Fas ko Marakesh, ka taka ƙafa ka je ofishin. Wanda ke aikin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Direba daban, ɗan jagora daban

A nan ne aka fi samun rashin fahimta, kuma ba kullum yaudara ba ce. A dokar Maroko aikin jagorancin baƙi sana'a ce mai lasisi. Doka mai lamba 05-12 ta kasa masu wannan aiki gida biyu: masu jagora a birane da wuraren tarihi, da masu jagora a duwatsu da hamada. Kowannensu yana da bajo mai hotonsa daga ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma a manyan birane akwai 'yan sanda na musamman da ke sa ido kan masu yin aikin babu izini. Shi ya sa za ka ga direbanka, komai kirkinsa, yana kai ka ƙofar tsohon gari sai ya tsaya a mota. Ba rowar ƙafa ba ce, tsoron hukuma ne.

Abin da yawancin kamfanoni ke sayarwa direba ne mai ɗan bayani a hanya. In ka san haka tun farko, ba komai. Tsarin da na fi so ga iyali shi ne direba ɗaya daga farkon tafiya zuwa ƙarshe, sannan a duk wurin da ke da tarihi a ɗauki ɗan jagora ɗan garin, mai bajo, na awa biyu ko uku. Ya fi sauƙin kuɗi, kuma ɗan gari ya fi sanin garinsu. Ɗaukar ɗan jagora ya zauna da ku a mota tsawon tafiya sai in matsalar harshe ta tilasta.

Maganar harshe kuwa a yi ta tun wuri. Larabcin da ake yi a titi, wanda suke kira Darija, ya yi nisa da na littafi; wanda ya yi karatun Islamiyya zai tsinci kalmomi amma zance zai riƙa kuɓuce masa. Mutanen yankin Marzuga kuma akasarinsu Amazig ne, dangin Abzinawa ta fuskar harshe, kuma harshensu ya zama na hukuma tare da Larabci a tsarin mulkin 2011. Duk wanda ya yi makaranta a cikinsu zai iya juyawa zuwa Larabcin fusha in ka fara da shi. 'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Cadi suna da sauƙi, domin Faransanci yana tafiya kusan ko'ina. Mai Ingilishi kaɗai shi ne zai dage. Kada ka yarda da "yana ji". Ka ce a ba ka lambar direban, ka kira shi ku yi magana ta minti biyar kwana ɗaya kafin tafiya. A wannan kiran za ka gane ko za ku iya zama a mota ɗaya kwana uku.

Nisan da ba a faɗa maka

Babban abin da ke lalata wannan tafiya shi ne ƙarancin kwanaki. Daga Fas zuwa Marzuga kimanin kilomita 470 ne, kuma ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce. Za a hau duwatsun Atlas ta Ifran da Azru, a bi ta Midalt, a gangara kwarin Ziz zuwa Rashidiyya, sannan Arfud da Risani. Tuƙi kaɗai awa bakwai zuwa takwas ne, ban da salla, abinci da miƙe ƙafa. Daga Marakesh ya fi haka: kimanin kilomita 560, ta mashigin Tishka mai tsayin mita 2,260 da lanƙwasa ba adadi, awa tara zuwa goma.

Yanzu ka lissafa tayin da ake yi na kwana biyu, zuwa da dawowa daga Fas. Yini guda a mota, ka isa rana na faɗuwa ko ta riga ta faɗi, ka kwana, da sassafe a sake ɗora ka a mota wani yinin. Saurayi zai iya jurewa. Mai shekara saba'in da ciwon suga ko hawan jini bai kamata a yi masa haka ba, kuma direban da ke tseren cim ma faɗuwar rana a hanyar dutse haɗari ne ga kowa.

Ga abin da nake ba da shawara. In za ku tashi daga Fas ku ƙare a Marakesh, kada ya gaza kwana huɗu. Ranar farko a kwana a Midalt ko a kwarin Ziz in akwai dattijo. In duk masu ƙarfi ne, a wuce har Marzuga amma a kwana a masaukin gini da ke bakin rairayi, ba a tanti ba. Washegari a yi yini a yankin Marzuga cikin natsuwa, da la'asar a shiga rairayi, a kwana a tanti. Sauran kwana biyun a bi ta kwazazzabon Tudga da kwarin Dadis, a wuce Warzazat, a tsaya a tsohon garin laka na Ait Bin Haddu, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Wanda ba shi da kwanakin nan yana da wata mafita: akwai filin jirgin sama a Rashidiyya da jirage ke zuwa daga Kasabalanka, daga can kuma tafiyar kusan awa biyu ce zuwa Marzuga. Sai ka ɗauki shatar daga Rashidiyya, ka huta da doguwar hanya.

Ka kuma tabbatar da wace hamada ake nufi, domin sunan ɗaya ne amma wuraren sun sha bamban. Manyan tuddan rairayi da ake gani a hoto, masu kaiwa mita 150, su ne na Irg Shabbi a Marzuga. Akwai Irg Shigaga a kudu, bayan garin Mahamid, wanda ya fi faɗi da kaɗaici, amma sai an yi tafiyar awanni a jif babu kwalta. Ban cika tura masu yara ƙanana ko marasa lafiya can ba. A tafiyar kwana biyu daga Marakesh zuwa Zagora ƙananan jigayi kawai za ka gani. Agafai kuwa, da ke dab da Marakesh, fili ne na tsakuwa da duwatsu, babu tudun rairayi a cikinsa. Kowannensu yana da kyansa, amma a rubuta maka sunan wurin don kada ka biya kuɗin wani a kai ka wani.

Lokaci

Bahaushe ya san zafi, saboda haka gargaɗin da ya fi bukata na sanyi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu daren Marzuga yakan sauka kusa da sifiri, kuma hanyar zuwa can ta cikin ƙanƙara take bi. A Ifran aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, a 1935. Rigar hunturun Kano ko Damagaram ba za ta wadatar ba, kuma wani lokaci akan rufe mashigan duwatsu har sai an share dusar ƙanƙara. A Yuli da Agusta kuma zafi kan haura digiri 45. Oktoba da Nuwamba su ne zaɓina, lokacin da ake girbin dabino a yankin. Maris da Afrilu ma suna da daɗi, sai dai iska mai rairayi takan tashi.

Abin da ya sa ake ɗaukar ɗan jagora

Ina so in ɗan daɗe a nan, domin yawancin tsare-tsaren da ake sayarwa an yi su ne don baƙon Turai mai son hoton raƙumi da faɗuwar rana. Mu raƙumi ba baƙonmu ba ne. Abin da ke wannan yanki da ya shafe mu yana Risani, kuma motoci da yawa wucewa suke yi ta gefensa ba tare da sun tsaya ba.

A bakin Risani kangon Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a wajen 757, wanda ya yi ƙarnoni yana zaman tashar arewa ta ayarin da ke ratsa Sahara da gishiri, tufafi da littattafai, su dawo da zinariya da bayi. Daga nan Ibn Battuta ya tashi a 1352 ya nufi Mali. A hanyarsa ta komawa ya bi ta Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin, sannan ya sake ɓullowa a Sijilmasa. Yau abin da ya rage 'yan katangun laka ne da tudun ƙasa. In ka je kai kaɗai za ka ce ba komai a wurin. Da ɗan jagora da ya san tarihi, wurin zai buɗe maka: ina kogi ya bi, ina ƙofa take, me ya kashe birnin. Wannan shi ne abin da kake biya.

A Risani ne kuma hubbaren Maulaya Ali Sharif yake, kakan gidan sarautar Alawiyya da ke mulkin Maroko har yanzu. Kasuwar Risani tana ci Talata, Alhamis da Lahadi, da kara ta tumaki da filin ɗaure jakuna da rumfunan dabino. In za ka iya, ka daidaita tafiyarka ta faɗo a ɗaya daga cikin ranakun. A nan za ka sayi dabinon majhul a wurin da ake nomansa, ka kuma ci madfuna, gurasar da ake cusa wa nama da albasa da kayan yaji a gasa. A hanyar Arfud zuwa Tinjdad akwai jerin rijiyoyin khattara, tsoffin magudanan ƙarƙashin ƙasa da ke janyo ruwa daga gindin dutse zuwa gonakin dabino ba tare da rana ta shanye shi ba. Duk manomin rani da ya sauka cikin ɗaya zai fito da abin tunani.

Sai ƙauyen Khamliya, 'yan kilomitoci kudu da Marzuga. Mutanensa baƙaƙen fata ne, zuriyar waɗanda aka kawo daga kudancin Sahara, da yawansu ta hanyar bauta. Su ne masu kiɗan Ginawa, da molonsu mai tsirkiya uku da ƙarafan da suke kaɗawa a hannu, kiɗan da UNESCO ta amince da shi cikin al'adun duniya a 2019. A waƙoƙin Ginawa ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Ko kai ba mai sauraron kiɗa ba ne, ka je ku gaisa, ku sha shayi, ka tambayi dattawansu abin da suka riƙe na asalinsu. Amma ka gaya wa ɗan jagora tun farko cewa zama kake so, ba tsayuwar minti goma da ake yi wa kowace mota ba.

Game da shagunan duwatsu na Arfud: gaskiya ne yankin yana da burbushin halittun teku na zamanin da, kuma gaskiya ne akwai na jabu da ake zubawa da roba a shafa musu launi. In ba ka da sha'awa, ka ce a cire su daga tsari.

A rubuta

Duk abin da ka daidaita, a sa shi a rubuce, ko da a saƙon waya ne, kuma ka ce a tura wa direban kwafi. Takardar ta ƙunshi irin motar da yawan kujerunta, da cewa ku kaɗai ne a ciki daga farko har ƙarshe. Ta faɗi sunan kowane masauki da sunan sansanin da za a kwana, ba "ko makamancinsa" ba. Ka duba sunan a taswirar waya ka ga inda yake. Tun 2019 hukumomi suka tashi sansanonin da ke tsakiyar tuddan Irg Shabbi zuwa gefe, saboda haka yawancinsu yanzu mota na isa gare su. Wannan alheri ne ga tsofaffi: a rubuta cewa wane da wance a jif za a kai su, sauran su hau raƙumi. Hawan yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye, kuma tashin raƙumi da gurfanarsa ne ke wahalar da mai ciwon baya da mai juna biyu.

A fayyace tantin: da banɗaki a ciki ko na tarayya, da ruwan zafi ko babu, bargo nawa, akwai wutar cajin waya ko injin numfashin mai bukata. A fayyace abincin da ke cikin kuɗin. Yawanci karin kumallo da na dare ne, na rana daga aljihunka, kuma kana da ikon cewa ba ka son gidan abincin da direba ya zaɓa. A rubuta cewa babu tsayawa a shago sai kun nema.

Sai maganar addini. Maroko ƙasar Musulmi ce, 'yan Malikiyya irinmu, da ƙira'ar Warshu da almajirin tsangaya zai ji kamar a gida, kuma nama ba abin damuwa ba ne. Amma jadawalin kamfanoni ba a gina shi a kan lokutan salla ba. Ka gaya wa direba tun a daren farko inda kake so a tsaya, domin masallatai da yawa a can ana buɗe su ne dab da salla a rufe bayanta; in kun iso tsakanin lokuta, sai dai ku shimfiɗa darduma a gefen hanya ko a gidan mai. Nisan ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, don haka ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi, ka kuma riƙe buta da galan na ruwan alwala a mota. In tafiyar ta haɗa da Juma'a, a faɗi garin da za a yi ta. A sansani kuwa, kiɗan ganga a bakin wuta bayan cin abinci kusan ƙa'ida ne, kuma wasu sansanonin suna barin baƙi su sha giya. In ba ka son iyalinka a kusa da wannan, ka nemi tantin da ke can gefe, ko ƙaramin sansani na iyali da za ku kama gaba ɗaya. Mai tafiya da matarsa ya riƙe kwafin takardar aure, wasu masaukai sukan tambaya.

Takardu, fata da hanya

Ba zan ɓoye wannan ba. Maroko hanya ce ta masu neman tsallakawa Turai, kuma baƙar fata da ke tafiya a mota a wajen manyan birane yana iya shan tambaya a shingen jandarma fiye da farin baƙo. A kewayen zawiyar Fas an saba da mu, musamman saboda 'yan Senegal da ke zuwa ziyara, amma a hanya ba kowa ne zai ɗauke ka mai yawon buɗe ido ba. Fasfonka ya kasance a jikinka, ba a cikin akwati a bayan mota ba, tare da shaidar masauki da tikitin komawa. A nan ma motar da ke da rajistar ɗaukar baƙi ta fi motar wani ɗan'uwan mai masauki, domin takardunta da inshorarta sun rufe fasinja.

Marzuga tana kusa da iyakar Aljeriya, wadda ke rufe tun 1994, kuma akwai sojoji a yankin. Kada a ɗauki hoton shinge ko barikin soja, kada kuma samari su hau babur mai taya huɗu su nausa gabas su kaɗai. Baburan nan sukan jikkata baƙi a rairayi, ga shi inshorar tafiya da yawa ba ta biyan raunin da aka samu a kansu. Ka karanta taka. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa a bar shi a gida, tun 2015 ba a shiga da shi ƙasar sai da izini, kuma kwastan na riƙe shi a filin jirgi.

Abin da mutane ba sa zato a hamada shi ne ambaliya. A Satumban 2024 ruwan sama mai yawa ya sauka a kudu maso gabashin ƙasar, ya karya hanyoyi ya ci rayuka. Busasshen kwari yana iya cika cikin mintoci da ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa. In direba ya ce ba zai ratsa ba, ko zai canza hanya saboda hadari, kada ka matsa masa don ka biya kuɗi. Haka nan in ya ce dare ya yi a hanyar dutse.

Babban asibiti mafi kusa yana Rashidiyya. Mai shan magani kullum ya riƙe na kwanakin duka da ƙari a jakar hannu. Mai allurar suga ya tanadi abin sanyaya ta. Da rani mutanen ƙasar sukan zo a binne su cikin rairayi mai zafi don maganin sanyin ƙashi, kuma za a iya yi wa dattijonku tayi. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko suga kada ya kusanci wannan. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Lambobin gaggawa: 19 'yan sanda a gari, 177 jandarma a karkara, 15 motar asibiti.

Kuɗi, da abin yi in an saɓa

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ya shiga asusun kamfani, da rasit, ba a aika da sunan wani mutum ba. Sauran a raba: wani a ranar tashi bayan ka ga motar da idonka, cikon a ranar ƙarshe. Dirhami ba a cika samunsa a wajen ƙasar ba, saboda haka ka zo da dala ko yuro ka canza a banki ko wurin canji mai lasisi, ka kuma tanadi isasshen tsaba tun daga Rashidiyya ko Arfud. Ka ware ƙananan takardu na tukwici ga direba, ɗan jagora da yaron raƙuma. Albashinsu ba yawa, kuma in sun kyautata hakkinsu ne a gani.

In safiyar tafiya ta yi aka zo da motar da ba ita aka rubuta ba, ko da wasu mutane a ciki, kada ku ɗora kaya. Da zarar akwati ya shiga but, ƙarfinka ya ragu. Ka nuna saƙon, ka kira ofis a gaban mai masaukinka, ka ba su awa ɗaya su gyara ko su maido da kuɗi. In sun ƙi, ka ce za ka kai maganar ga 'yan sandan yawon buɗe ido ko ofishin ma'aikatar da ke garin, kuma ka kai ɗin. Kamfani mai lasisi yana tsoron ƙorafi a rubuce. In saɓanin a tsakiyar hanya ya taso, kamar an sauya sansani ko an tsallake Risani, kada ka yi faɗa da direba, sau da yawa umarni aka ba shi. Ka ɗauki hoto, ka rubuta wa ofis nan take, ka cire ƙimar abin daga cikon da ke hannunka. In kuma tsarin ya rushe gaba ɗaya, ba ku maƙale ba: motocin bas na kamfanin Supratours suna zirga-zirga tsakanin Marzuga da Fas da Marakesh, kuma a Risani ana samun manyan tasi da za ku iya ɗaukar shatarsu zuwa Rashidiyya.